Wuƙa da fayil: Kaya biyu da likitan tiyata ke ɗauke da su a Najeriya

A watan Nuwamban 2019, ma'aikatan lafiya 78 suka taru a kan wasu jarirai mata biyu a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Tagwaye ne da aka haifa manne da juna daga ƙirji zuwa ciki, hantarsu a haɗe. Farfesa Emmanuel Ameh, likitan tiyatar yara, shi ya jagoranci aikin raba su, wanda ya ci kimanin awa 13. Da aka bayyana labarin a watan Janairun 2020, bayan yaran sun murmure, hotuna suka zagaya duniya: likitoci cikin kayan aiki, iyaye suna murmushi, manyan jami'ai suna ta yabo.

A cikin wannan Janairun ne kuma wani labarin ya fito daga Kano. An yi wa wata mai juna biyu tiyatar haihuwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ba a san tana ɗauke da zazzaɓin Lassa ba. Ta rasu, sannan likitoci biyu daga cikin waɗanda suka yi aiki a kanta suka bi bayanta.

Tsakanin waɗannan labarai biyu rayuwar likitan tiyata take, kuma yawancin kwanakinsa ba su kai na farko ɗaukaka ba, ba su kai na biyu muni ba. Uban da ke burin ɗansa ya zama likitan fiɗa, da hadimin da aka ba shi takardar koken likitoci ya taƙaita wa maigidansa kafin zama, duk suna buƙatar sanin abu guda: kayan da wannan ma'aikaci yake ɗauke da su iri biyu ne. Akwai wanda sana'ar ta zo da shi, wanda ko a Jamus ko a Jafan haka yake. Akwai kuma wanda aka ɗora masa daga teburan ofisoshi. Na farkon yana da lada da ke biyansa. Na biyun ne yake korar mutane.

Lissafin shekaru

Yaron da ya shiga jami'a yana da shekara 18 zai yi shida kafin ya karɓi digirin likita, idan yajin aikin malamai bai ratsa ba. Na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas. Daga nan sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sai shekara guda ta yi wa ƙasa hidima. A nan ne hanyar tiyata take farawa. Sai ya ci jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, wato Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Sai ya nemi gurbi a asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya, abin da kan ɗauki wasu shekara biyu ko uku suna jira. Idan ya samu, zai yi shekara biyar zuwa bakwai yana neman ƙwarewa, da manyan jarrabawa biyu a tsakani da kundin bincike a ƙarshe. Tiyatar ƙwaƙwalwa da ta zuciya sun fi sauran tsawo. Faɗuwa jarrabawar nan ba abin kunya ba ne a wurinsu, domin da yawa sai sun sake zama kafin su tsallake.

Wanda komai ya tafi masa daidai zai zama babban likita mai ikon yanke hukunci da kansa, wanda a asibiti ake kira kwansaltan, yana da shekara 34 ko 35. Da yawa sai sun kusa 40. Abokin karatunsa na sakandare da ya shiga aikin gwamnati a mataki na 08 yana da shekara 23, yana samun ƙarin girma duk bayan shekara uku, a lokacin ya kai mataki na 13, tun da babu na 11 a tsani. Ya yi aure, ya sayi fili a Kuje ko Lugbe, yaransa sun shiga firamare. Shi kuwa likitan yanzu ne zai fara abin da ya yi shekara 16 ko fiye yana shiri dominsa. Ga mace abin ya fi tsauri, domin shekarun horon su ne daidai shekarun haihuwa da raino, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa mata suka yi ƙaranci a fannin.

Abin da wuƙa ke karɓa

Tiyata aikin jiki ne kafin ta zama aikin ƙwaƙwalwa. Mutum zai tsaya awa huɗu, shida, wani lokaci goma, wuya a sunkuye, babu ci babu sha, babu zagayawa. Ciwon baya da na wuya sun zama kamar tambarin sana'ar. Sannan ga dare. Hanjin da taifot ya huda ba ya jiran gari ya waye, haka saifar da ta fashe a hatsarin mota a hanyar Lokoja ko ta Kaduna, haka matar da naƙuda ta tsaya mata tun shekaranjiya aka kawo ta daga ƙauye a bayan a-kori-kura. Ga allura da wuƙa da jinin mutumin da ba a san abin da yake ɗauke da shi ba: ciwon hanta, ƙanjamau, Lassa.

Amma abin da ya fi waɗannan nauyi ba ya bayyana a jiki. Likitan da ke ba da magani, idan majiyyaci ya rasu, ana iya cewa cuta ce ta fi ƙarfin magani. Likitan tiyata da hannunsa ya buɗe cikin, shi ya yanke shawarar a shiga yau ko a bari sai gobe, shi ya ɗaure jijiyar, shi ya ɗinke. Idan ɗinkin hanji ya warware a kwana na biyar, ya san ɗinkin wane ne. A ƙasar Hausa dangi sukan sauƙaƙa masa, su ce kwana ne ya ƙare, Allah Ya saka da alheri. Wannan karamci ne babba, amma ba ya hana mutum kwana yana maimaita aikin a ransa, ɗinki bayan ɗinki. Asibitocin koyarwa kuma suna da zaman bitar mace-mace da matsalolin da suka biyo bayan aiki, inda likita zai tsaya gaban malamansa da ɗalibansa ya faɗi abin da ya yi da abin da ya kamata ya yi. Zama ne mai amfani ƙwarai, kuma babu wanda yake ɗokinsa.

Wannan nauyin bai san arzikin ƙasa ba. A 2008 Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta tambayi mambobinta halin da suke ciki, kusan 7,900 suka amsa. Kashi 40 cikin ɗari sun nuna alamun gajiyar rai da ta kai ga mutum ya daina jin aikinsa, kashi 30 sun nuna alamun ciwon damuwa. Kashi 36 ne kacal suka ce jadawalin aikinsu yana bar musu isasshen lokacin iyali, kuma rabinsu ne kawai za su shawarci 'ya'yansu su bi sahunsu. Waɗannan mutane ne masu albashi mai tsoka, a asibitocin da ba a ɗauke wuta. Don haka duk wanda ya ce kuɗi kaɗai zai warware damuwar likitan tiyata bai fahimci sana'ar ba.

Abin da take bayarwa

Duk da haka ana rububin shiga, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙalilan ne daga cikin ayyukan ɗan'adam ake ganin sakamakonsu da ido a rana guda. Mai hawan jini zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa, likitansa ba zai taɓa ganin shanyewar jikin da ya hana aukuwa ba. Ma'aikacin da ya rubuta takardar manufa a sakatariyar tarayya zai iya yin ritaya bai san inda ta kwana ba. Manomin da gwaiwa ta hana shi riƙe fartanya shekara biyar kuwa, aikin awa guda ne, damina mai zuwa yana gona. Tsohuwar da yanar ido ta rufe wa gani, washegari ake cire bandeji ta ga jikokinta. Jaririn da ya maƙale, minti kaɗan bayan an tsaga, kukansa ya cika ɗaki.

Wanda yake son ganin iyakar wannan lada ya je Babbar Ruga a Katsina. Dokta Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan, ya zo can a farkon shekarun 1980 domin aikin kuturta, sai ya tarar da matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, wasu mazajensu sun sake su, wasu an ware musu ɗaki a bayan gida saboda wari. Ya juya ga ɗinke su, ya yi wa dubbai aiki da hannunsa, ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa, har wurin ya zama Cibiyar Yoyon Fitsari ta Ƙasa. Matar da ta yi shekara goma ba ta shiga taron biki ba, ba ta tsaya sahun sallar Idi ba, ta tashi daga gado zaninta a bushe. Haka abin yake a asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, inda ake sake gina fuskokin da cutar ta cinye. Likitan da ya ɗanɗani irin wannan, da wuya wani aiki ya sake gamsar da shi.

Akwai kuma daɗin gwaninta ita kanta, irin wanda maƙeri ko majemi ya sani: hannu ya kai matsayin da yake gane nama mai lafiya da marar lafiya kafin ido ya tantance. Akwai girma a cikin jama'a, wanda Bahaushe ya saba bai wa mai wuƙar magani tun zamanin wanzami da maɗori. Kuɗi ma suna zuwa, sai dai a makare kuma ba daidai ba. Kwansaltan da ya yi suna a Abuja ko Legas, yana aiki a asibitin kuɗi bayan ya tashi daga na gwamnati, ba ya cikin masu kukan talauci. Takwaransa da ke cibiyar lafiya ta tarayya a garin da majiyyata ba su da abin biya, albashin tsarin CONMESS ne gatansa, kuma hauhawar farashi ta riga ta cinye rabin darajarsa.

Kaya na biyu

A 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, a kan majiyyata fiye da 11,000. Majiyyatan sun fi na sauran duniya ƙuruciya, ayyukan da aka yi musu sun fi sauƙi, amma yiwuwar su mutu bayan tiyata ta ninka ta sauran duniya sau biyu. Abin lura shi ne kusan dukan mace-macen ba a kan teburin tiyata suka auku ba, sai a kwanakin da suka biyo baya, a ɗakin jinya. Ma'ana, hannun likita ya yi nasa, abin da ya kamata ya biyo baya ne babu: nas ɗin da za ta duba bugun jini cikin dare, gadon kulawa ta musamman, iskar oksijin, jini a ma'ajiya. Binciken ya samu ƙwararrun tiyata da na sa barci da na haihuwa ba su kai mutum ɗaya ga kowane 100,000 ba, alhali kwamitin da mujallar ta kafa ya ce a 2015 mafi ƙaranci a samu 20.

Ga yadda wannan yake a aikace. Likita ya ga majiyyacin da ke buƙatar aiki cikin awa biyu. Sai ya rubuta takardar sayayya: zaren ɗinki, safar hannu, ruwan ƙari, maganin sa barci, leda biyu na jini. Dangi su bazama, wani ya tafi sayar da akuya, wani ya kira ɗan'uwa a Fatakwal. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyaci suke fitowa, duk da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta shiga tsarin. Kafin kuɗi su haɗu awa biyu ta zama kwana biyu, hanjin da za a ɗinke ya zama wanda za a yanke. Ba sabon abu ba ne likitoci da nas-nas su yi karo-karo daga aljihunsu. Idan an shiga ɗaki kuma sai a yi addu'ar kada wuta ta ɗauke, in ta ɗauke a ce Allah Ya sa akwai man janareta. Mutumin da aka horar shekara 16 domin ya yi aiki daidai, yana kallon majiyyaci yana lalacewa a kan abin da ba ilimi ne ya rasa ba. Likitoci da dama sun fi jin zafin wannan fiye da tsayuwar awa goma.

Sauran kayan kuwa kowane ma'aikacin tarayya zai gane su, domin a fayil suke. Shekaru masu yawa alawus ɗin haɗarin aiki na likita Naira 5,000 ne a wata, har lokacin da Lassa ta kashe waɗancan likitoci na Kano, har korona ta zo ta same shi a haka. Sai a watan Disambar 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin Naira 32,000 da 40,000, bayan Ƙungiyar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa, wato NARD, ta yi yajin aikin wata biyu daga 2 ga Agusta na wannan shekarar. Dokar Horar da Likitoci Masu Neman Ƙwarewa ta 2017 ta tanadi asusun biyan kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai, amma jinkirin sakin kuɗin yana cikin abubuwan da ke dawowa a kusan kowace takardar gargaɗin yajin aiki.

Mafi cutarwa a cikinsu shi ne batun cike gurbi. Idan likita ya ajiye aiki a asibitin tarayya, shugaban asibitin ba shi da ikon ɗaukar wani washegari. Sai an nemi izini, a bi ta ofisoshin gwamnati daban-daban, sannan a shigar da sabon a tsarin biyan albashi. Kowane mataki yana da hujjarsa, kuma an kafa su ne domin toshe ma'aikatan bogi da ɗaukar 'yan uwa. Amma a watannin da fayil yake yawo, jadawalin kwanan asibiti da aka tsara wa mutum takwas, mutum uku ne ke ɗauke da shi. Amurka ta ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa awa 80 a mako tun 2003, Tarayyar Turai ta tsaya a 48. A Najeriya likita kan shiga ranar Juma'a ya fito ranar Litinin. Babu fasinjan da zai yarda direban da bai runtsa ba kwana biyu ya ɗauke shi zuwa Kaduna, amma irin wannan mutumin ake miƙa wa wuƙa.

Masu tafiya da masu zama

A watan Afrilun 2019 Ministan Ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya ce ƙasar tana da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. A watan Agustan 2021, ana tsakiyar yajin aiki, ɗaruruwan likitoci suka yi layi a wani otal a Abuja domin ganawa da masu ɗaukar ma'aikata na Saudiyya, cikinsu har da manya masu furfura. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 55,000 ne suka rage wa mutane fiye da miliyan 200, kuma 15,000 zuwa 16,000 sun fice cikin shekara biyar. A watan Agustan shekarar gwamnati ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Kafin nan, a 2023, wani ƙudiri na ɗan Majalisar Wakilai Ganiyu Johnson ya nemi a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar. Ƙudirin ya tsallake karatu na biyu, ya kuma sha suka, da dalili: ƙulle ƙofa ba ya gyara ɗakin da ke yoyo.

Wanda ya tafi ba ya guje wa kaya na farko. A Riyad ko Manchesta ma zai tsaya awa goma, zai kuma fita ya gaya wa wata uwa cewa ɗanta bai tashi ba. Abin da ya sauke shi ne na biyun. Dokta Oluyinka Olutoye, wanda ya yi karatun likita a Ile-Ife, yana cikin jagororin tawagar da a 2016 a jihar Tekzas ta ciro jaririya daga mahaifa, ta cire mata ƙari, ta mayar da ita har lokacin haihuwa ya yi. Hannu da ƙwaƙwalwar na nan gida ne. Ɗakin da ya ba su damar yin hakan ne na can.

Akwai waɗanda suka yi akasin haka. Farfesa Latunde Odeku ya baro Amurka a 1962 ya dawo Ibadan ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar. Dokta Oluyombo Awojobi ya bar asibitin koyarwa ya tare a garin Eruwa na Jihar Oyo, ya buɗe asibitinsa a 1986, ya ƙera teburin tiyata da jak ɗin mota, ya haɗa na'urar juya jini da ƙafar keke, yana dafa ruwan ƙarinsa da kansa, har ya rasu a 2015. Sun cancanci duk yabon da ake yi musu. Sai dai akwai haɗari a yadda ake son ba da labarinsu a wuraren taro, domin cikin sauƙi yakan zama hujjar cewa mai kishi ba ya buƙatar kayan aiki. Ƙasar da ta yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za ta ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinta, ba ta kuma taɓa kusantar hakan a matakin tarayya ba, ba ta da bakin neman kowane likita ya zama Awojobi.

Wani abu kuma da alƙaluman ƙaura ba sa nunawa shi ne cewa tiyata ba a koyonta daga littafi kaɗai. Hannu ne ke koya wa hannu: ƙarami ya riƙe wa babba ƙugiya shekara da shekaru, sannan a ba shi wuƙa babban yana tsaye a kansa, sannan a bar shi shi kaɗai babban yana ofis ana iya kiransa. Kwalejojin biyu sukan aiko da tawaga lokaci-lokaci su duba kowane sashe, su ƙirga manyan likitocinsa da gadajensa da yawan ayyukan da yake yi, sannan su yanke adadin masu neman ƙwarewa da aka yarda ya horar. Idan manya biyu suka bar sashen da ke da huɗu, ba majiyyatansu kaɗai aka rasa wa likita ba. Guraben horo ma sukan ragu, wani lokaci a janye amincewar gaba ɗaya, ƙananan su watse neman wani asibitin. Dalilin da ya sa ƙungiyar manyan likitoci ta daɗe tana neman a ɗaga shekarun ritayarsu zuwa 70 ke nan, domin ƙa'idar shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki ta kasance tana sallamar mutumin da bai fara cin gashin kansa ba sai da ya kusa 40, a daidai lokacin da hannunsa ya nuna kuma ɗalibai suka fi buƙatarsa.